Yadda za ka koyar da tarihin Winston Churchill a makarantar sakandare a Jos

Yawancin ɗaliban da suka taɓa jin sunan Winston Churchill abu biyu suka riƙe: hoton wani tsoho mai hula da ƙatuwar sigari a baki, da labarin cewa shi ya ci Hitila da yaƙi. Waɗanda suka gamu da shi a Facebook ko TikTok kuwa, ko dai an nuna musu gwarzon da babu kamarsa, ko an ce musu bai fi wanda ya yaƙa ba. Wannan bayani na malamin ajin SS2 ne, ko mai kula da ƙungiyar tarihi ta makaranta, wanda ke son ya koyar da mutumin gaba ɗayansa cikin darasi huɗu na minti 40 da fita guda ɗaya ranar Asabar. Malamin Jos yana da gatan da malamin wani gari ba shi da shi, domin abin da gwamnatin Churchill ta buƙata a 1942, wato kuza, a nan Filato aka zo nemansa, kuma jikokin waɗanda aka ɗebo don aikin suna zaune a ajinka.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: igiya mita 10, ƙusa biyu, tef ɗin tela, farin kwali biyu, rawayan kwali biyu, maka baƙi da ja, da taswirar duniya. Yanka kowane kwali gida takwas, ka samu fararen kati 16 da rawaya 16. Fararen na rayuwar Churchill ne, rawayan na abin da ke faruwa a Najeriya a daidai lokacin.

Darasi na farko: igiyar shekaru

An haifi Churchill ranar 30 ga Nuwamba 1874, ya rasu ranar 24 ga Janairu 1965 yana da shekara 90. Ɗaura igiyar daga kusurwar aji zuwa kusurwa, ka ba kowace shekara santimita 10. Farkon igiya 1874, ƙarshenta a mita 9.1. In bangon ajin bai kai ba, ka zagaya da ita ta bango biyu, amma kada ka rage ma'aunin, domin katunan shekarun yaƙi za su hau kan juna. Ninka kowane kati biyu ka rataya shi, ba sai ka nemi salatif ba.

Ka bar ɗalibai su auna da kansu. Lissafin shi ne a cire 1874 daga shekarar, a ninka da goma. Yaƙin Umdurman na 1898 zai faɗo a santimita 240, rikicin Satiru na 1906 a 320, yaƙin Galifoli na 1915 a 410, hawansa Firaminista a 1940 a 660, faɗuwarsa zaɓe a 1945 a 710. Daga nan ka tsaya ka ce su auna tsakanin 1940 da 1945. Rabin mita ne kacal cikin mita tara. Duk shaharar da duniya ta san shi da ita a wannan rabin mitar take, kuma yana da shekara 65 ya shige ta. Wannan awon shi ne zuciyar darasin farko, kada ka yi gaggawar wuce shi.

Ga abin da ya kamata fararen katunan su ɗauka. Ɗan gidan sarauta ne, an haife shi a fadar Blenheim. Mahaifinsa Lord Randolph Churchill ɗan siyasa ne, mahaifiyarsa Jennie Jerome 'yar Amurka. Ya yi makarantar Harrow, sannan makarantar horon hafsoshi ta Sandhurst. Ya haɗa aikin soja da aika wa jaridu labari a Kyuba, da iyakar arewa maso yammacin Indiya, da Sudan, da Afirka ta Kudu, inda Turawan Bowa suka kama shi a 1899 ya tsere daga Pretoria. Wannan tserewa ta yi masa suna, ya ci zaɓen majalisa a 1900 a jam'iyyar Conservative. A 1904 ya koma Liberal, bayan shekara ashirin ya sake komowa gida. Ya yi ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka daga ƙarshen 1905 zuwa 1908, sannan ministan ciniki, inda ya sa hannu wajen buɗe ofisoshin nema wa marasa aiki aiki da ƙayyade mafi ƙarancin albashi a wasu sana'o'i. Ya riƙe ma'aikatar cikin gida, ya riƙe sojan ruwa daga 1911. Harin da ya matsa a kai wa Daular Usmaniyya ta mashigin Dardanel a 1915 ya ƙare da mummunar asara a Galifoli, aka sauke shi, ya tafi fagen daga a Faransa. Ya dawo gwamnati a 1917, ya zama cikakken ministan mulkin mallaka a 1921, shekarar da ya jagoranci taron Alƙahira da ya ɗora Faisal a kan Iraƙi da Abdullahi a kan gabashin Urdun. Ya yi ministan kuɗi daga 1924 zuwa 1929. Daga nan sai shekara goma ba muƙami, yana ta gargaɗi a kan makaman da Jamus ke tarawa, mutane kaɗan ke saurarensa. Bayan yaƙi akwai jawabinsa na Fulton a Amurka a watan Maris 1946 kan rabuwar Turai gida biyu, da hawansa na biyu daga 1951 zuwa 1955, da kyautar Nobel ta 1953.

Katin Umdurman yana buƙatar natsuwa a aji mai Musulmi da Kirista. Ranar 2 ga Satumba 1898, a Umdurman ta ƙasar Sudan, rundunar Kitchener, kwamandan Birtaniya, ta kashe mabiya Mahadi kusan dubu goma ko fiye, ita kuwa ba ta rasa ko mutum hamsin ba, saboda bambancin makamai. Churchill yana cikin sojan doki a ranar. A abin da ya rubuta daga baya ya yaba jaruntar mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ya soki kashe waɗanda suka ji rauni da wulaƙanta kabarin Mahadi, kuma a cikin rubutun nan dai ya yi kakkausar magana a kan Musulunci. Faɗi duka ukun. In ka ɓoye ɗaya, wani ɗalibi zai tsinto shi a waya kafin mako ya zagayo, daga ranar kuma ya daina yarda da kai.

Darasi na biyu: kwana uku a watan Mayu 1940

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ce za a ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu daga farko zuwa ƙarshe cikin minti 40. Ba zai yiwu ba, kuma ba a buƙata. Ɗauki kwana uku, 26 zuwa 28 ga Mayu 1940, domin a nan ne ake ganin dalilin da ya sa mutanen Ingila ke girmama shi.

Fara da taswira, minti goma. Churchill ya karɓi mulki ranar 10 ga Mayu, ranar da Jamus ta afka wa Holan da Beljiyam da Faransa. Cikin mako biyu an ritsa sojojin Birtaniya a bakin teku a Dunkirk. Amurka ba ta shiga yaƙin ba, sai Disamba 1941. Tarayyar Sobiyet tana da yarjejeniya da Hitila tun Agusta 1939, ba su ɓata ba sai Yuni 1941. Faransa na gab da durƙushewa. A wannan hali ministan harkokin waje, Lord Halifax, ya kawo shawarar a nemi Musolini na Italiya ya shiga tsakani, a ji sharuɗɗan da Jamus za ta bayar.

Majalisar yaƙi mutum biyar ce: Churchill, Halifax, Neville Chamberlain wanda ya sauka daga Firaminista amma har lokacin shi ne shugaban jam'iyyar Conservative, da mutum biyu na jam'iyyar Leba, Clement Attlee da Arthur Greenwood. Zaɓi ɗalibai biyar, ka ba kowa takarda mai layi uku ko huɗu tun kwana ɗaya kafin darasin. Mai riƙe da Halifax ka ba shi ɗalibi mai baki, ka kuma gaya masa cewa shi ba matsoraci ba ne. Hujjarsa ita ce a tsirar da sojoji da biranen ƙasa tun akwai abin ciniki a hannu. Hujjar Churchill ita ce duk wanda ya zauna teburin sulhu yana kan gudu, ba zai iya tashi ya koma yaƙi ba, kuma Hitila ya riga ya karya alƙawarin da ya yi a Munich a 1938. Ba su minti goma sha biyar, sauran aji su jefa ƙuri'a. Kada ka faɗa musu yadda ta ƙare sai bayan ƙuri'ar. Sau da yawa aji zai bi Halifax, kuma hakan ne ke sa su gane nauyin abin da Churchill ya ɗauka.

Sannan ka faɗi abin da ya faru. Ranar 28 ga Mayu, ranar da Beljiyam ta miƙa wuya, Churchill ya tara sauran ministoci ya yi musu jawabi, suka mara masa baya, Chamberlain ma bai bi Halifax ba, maganar sulhu ta mutu. Zuwa 4 ga Yuni an kwashe sojoji kusan 338,000 daga Dunkirk.

Game da jawabansa, jumla ɗaya ta isa a rubuta a allo, ta ranar 13 ga Mayu, inda ya gaya wa majalisa ba shi da abin da zai bayar sai jini da wahala da hawaye da gumi. Tambayi ɗalibai wane ɗan siyasa ne ke karɓar mulki da irin wannan alƙawari, kuma me ya sa mutane suka yarda da shi. In za ka kunna musu muryarsa a waya, ka sani cewa jawabin 4 ga Yuni, inda ya ce za su yi yaƙi har a bakin teku, a zauren majalisa ya yi shi, ba a watsa shi kai tsaye ba. Muryar da ake ji yau a 1949 ya ɗauke ta.

Darasi na uku: rawayan katuna

Wannan ne darasin da ya fi cancantar lokacinka. In makaranta za ta ba ka darasi biyu a jere, nan za ka nema.

Fara da 1906. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, lokacin Churchill ɗan majalisa ne kawai, ba shi da hannu a harkar. Amma a Fabrairu 1906, da mutanen Satiru kusa da Sakkwato suka tayar wa Turawa suka karya rundunar farko da aka tura musu, yana zaune a ma'aikatar mulkin mallaka a ƙarƙashin Lord Elgin. A watan Maris aka koma da babbar runduna, aka kashe mutum kusan dubu biyu, aka rushe garin. A cikin takardun ofis Churchill ya nuna ƙyamar yawan zubar da jini a hare-haren ladabtarwa na Gwamna Lugga, har da wanda aka shirya kai wa ƙasar Tibi a shekarar. Sai dai ƙyamar ta tsaya a takarda, kuma bai taɓa shakkar cewa Birtaniya ce ta dace ta mulki waɗannan ƙasashe ba. Ɗalibai su riƙe wannan, domin irin halin da za su sake gani ne har ƙarshen igiya.

Daga nan tsallaka zuwa 1940. Da aka rufe wa Birtaniya hanyar Bahar Rum, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri, su bi ta Fort Lamy wato Injamena, zuwa Kartum da Alƙahira. Sa ɗalibi ya ja wannan layi da jan maka a taswira. Sojojin Najeriya sun yaƙi Italiya a gabashin Afirka, suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941. Daga baya aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su Bama, suka fafata da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairu 1945. Barikin Myohaung a Legas da barikin Chindit a Zariya daga wannan yaƙi suka samo suna. Gyaɗar Kano da manjan kudu ma an kwashe su don ciyar da Ingila.

Yanzu kuza. A wancan lokaci ƙasar Maleya, wadda yau ke cikin Malesiya, ce ta fi kowa fitar da kuza a duniya, kuma tana hannun Birtaniya. Japan ta mamaye ta, Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu 1942. Ba a yin gwangwanin abincin soja sai da kuza, haka ma liƙin wayoyin lantarki da wasu sassan injuna. Sai ido ya dawo kan Filato. A zamanin Gwamna Bernard Bourdillon aka kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa sarakuna da hakimai nauyin kawo mutane daga lardunan Arewa, kowane rukuni ya yi kusan wata huɗu a canza shi. Tsakanin 1942 da 1944 mutanen da aka ɗebo ta wannan hanya sun kai kusan dubu ɗari. Manoma ne, da yawansu daga ƙasashe masu zafi, aka kawo su cikin sanyin Jos ba isasshen bargo, ba isasshen abinci, ga matsugunai na wucin gadi. Cutar huhu da gudawa suka kama su, wasu suka mutu, da yawa suka gudu. Gonakin da suka bari suka rasa masu noma, hatsi ya yi tsada. 'Yan majalisa a Landan sun yi ta tayar da maganar, kuma ƙarin kuzar da aka samu bai kai yawan mutanen da aka wahalar ba. A 1944 aka soke tsarin. Ga kuma masu ƙasar, Birom da maƙwabtansu, waɗanda haƙar ta cinye musu gonaki tun kafin yaƙin da bayansa.

A nan za ka ba ɗalibai ma'aunin da za su yi aiki da shi har ƙarshe. Raba allo gida uku. Gida na farko, abin da Churchill ya yanke da kansa ko ya matsa aka yi: ƙin sulhu da Hitila, harin Dardanel, nutsar da jiragen ruwan Faransa a gaɓar Aljeriya a Yuli 1940 don kada su faɗa hannun Jamus, inda sojojin ruwan Faransa kusan 1,300 suka mutu. Gida na biyu, abin da gwamnatin da yake shugabanta ta yi: aikin tilas na kuza nan ne muhallinsa. Gida na uku, abin da ya faru yana raye amma ba ta hannunsa ba: cin Sakkwato, da haɗe Arewa da Kudu a 1914, lokacin Lewis Harcourt ne ministan mulkin mallaka, wanda aka sa wa Fatakwal sunansa. Ɗalibi na iya cewa shugaba na ɗaukar alhakin duk abin da gwamnatinsa ta aikata, kuma hujja ce mai ƙarfi. Abin da ba za ka bari ba shi ne ya ce Churchill da bakinsa ya ba da umarnin a kwaso mutane zuwa Bukuru, alhali bai kawo takardar da ta nuna haka ba.

Wata magana a gefe, amma mai muhimmanci a Jos. Labarin wanda aka kawo aikin kuza da wanda aka ƙwace wa gona yana iya zamewa cikin minti biyu ya koma gardamar ɗan ƙasa da baƙo. Tun kafin ka fara ka kafa doka: tambayar darasin ita ce wa ya ba da umarni, wa ya ci riba, wa ya sha wahala. Manomin da aka ɗebo daga Zariya ko Bauci da manomin da aka haƙe wa gona a Du ko Gyel duk a layin masu shan wahala suke. In ka ga muryoyi sun fara tashi, mayar da su kan taswira da shekaru.

Darasi na huɗu: Bengal, alƙawarin Atilantika, da muhawara

A Agusta 1941 Churchill da Shugaba Roosevelt na Amurka suka fitar da sanarwar Atilantika, wadda ta ce kowace al'umma na da 'yancin zaɓen irin gwamnatin da take so. A watan Satumba ya gaya wa majalisa cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi, ba ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya ba. A Nuwamba 1942 ya ƙara da cewa bai zama Firaministan Sarki don a wargaza daular Birtaniya a hannunsa ba. 'Yan Afirka ba su bar maganar ta wuce ba. A 1943 tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma ta je Landan, ciki har da Nnamdi Azikiwe da Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma Azikiwe ya miƙa takardar neman mulkin kai da ya kafa a kan wannan sanarwa. A hawan Churchill na biyu ne ministansa Oliver Lyttelton ya jagoranci taron Landan na 1953 bayan rikicin Kano, wanda ya haifar da tsarin mulkin tarayya na 1954. A hawan nan dai aka kafa dokar ta ɓaci a Kenya a 1952 saboda boren Mau Mau na adawa da mulkin Turawa.

Yunwar da aka yi a lardin Bengal na Indiya a 1943 ta kashe mutum tsakanin miliyan biyu da uku. Ka jera sabubbanta kafin ka ambaci sunan kowa: shinkafar Bama ta yanke bayan Japan ta kama ƙasar, guguwa da cutar shuka sun ɓata amfanin gona a ƙarshen 1942, hukuma ta ƙwace kwale-kwalen mutane don kada Japan ta amfana da su, farashi ya haura, 'yan kasuwa sun ɓoye hatsi, larduna sun hana fitar da abinci. Sannan ka faɗi cewa masu mulkin Indiya sun roƙi Landan jiragen ruwa da hatsi, majalisar yaƙin Churchill ta ba da ƙasa da abin da aka nema, tana cewa jiragen na wajen yaƙi. Masana na saɓani a kan girman laifinsa. Masu kare shi na nuna ƙarancin jirage da hatsarin teku. Masu zarginsa na nuna maganganun raini da ya yi a kan Indiyawa, suna cewa da Turawa ne ke mutuwa da an samo jiragen. A ganinmu bai haddasa yunwar ba, amma ya yi sakaci da ita a lokacin da maganarsa ɗaya za ta ceci rayuka da yawa. Kai ma kana iya faɗin naka ra'ayin, muddin ka bari sai bayan muhawara.

Muhawarar ta ɗauki minti ashirin, mutum uku a kowane ɓangare, minti uku ga kowa. Kada ka sa taken ya zama ko Churchill mutumin kirki ne ko mugu, domin ihu kawai za ka samu. Ba su abin da ke da iyaka, misali: ya dace littafin tarihin Najeriya ya kira Churchill gwarzon 'yanci? Duk hujjar da aka kawo sai an faɗi shekararta da gidan da ta faɗa cikin gida ukun nan na allo.

Fita ta ranar Asabar

Tsara ta da rani, tsakanin Nuwamba da Maris. Karɓi takardar yardar iyaye, ka tafi da malami ɗaya ga kowane ɗalibi goma. Fara da Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai sashen kayan haƙar kuza. Ka je da kanka mako guda kafin ranar, ka tabbatar sashen a buɗe yake, ka ji kuɗin shiga na ɗalibai. Daga nan ku wuce ɗaya daga kududdufan tsohuwar haƙa a Rayfield ko Bukuru, bayan ka gaida mai unguwa ka nemi izini. Ruwan nan yana da zurfi, gefensa na zaftarewa, kuma yana cin mutane. Ja layi a ƙasa taku goma daga bakin ruwa, kada kowa ya ƙetare shi ko don ɗaukar hoto.

Kada ka ce wa yara duk ramukan nan a zamanin Churchill aka haƙa su. Kamfanonin Turawa sun fara aikin kuza a Filato tun farkon ƙarni na 20, aka ci gaba shekaru da yawa bayan samun 'yanci. Shekara biyu na aikin tilas yanki ne na dogon labari.

Aikin gida shi ne hira da tsoho ɗaya a dangi ko a unguwa. Waɗanda aka ɗeba a 1942 kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka 'ya'yansu za a nema, masu shekara saba'in zuwa sama. Koya wa ɗalibi ya durƙusa ya gaisa, ya ce Baba ko Kaka, makaranta ce ta aiko ni neman tarihi, ya nemi izini kafin ya kunna rikoda a waya. Tambayoyi biyar sun isa: daga wane gari mahaifinku ya zo ko wace gona aka taɓa muku, wa ya kawo shi, wane aiki ya yi, me ake biyansa ko ba shi, me ya riƙa faɗa game da yaƙin Hitila ko na Bama. Ɗalibi ya rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗa, ya kuma nuna ko mai maganar ya gani da idonsa ne ko ji ya yi. Tsofaffi kan haɗa aikin tilas na lokacin yaƙi da na gina hanyar jirgin ƙasa da aka yi shekaru kafin nan, saboda haka a tambayi wane sarki ko hakimi ke kan gado a lokacin, da shi za a gane shekarar.

Kurakuran da za ka gani a takardun ɗalibai

Za su rubuta cewa sarkin Ingila ne ko shugaban ƙasa. Firaminista ne, a ƙarƙashin Sarki George na shida, daga 1952 kuma Sarauniya Elizabeth ta biyu. Za su ce shi ya shelanta yaƙi da Jamus, alhali Chamberlain ne ya yi ranar 3 ga Satumba 1939. Za su ce Nobel ɗinsa na zaman lafiya ne, alhali na adabi ne. Za su ce shi ya ba Najeriya 'yanci, alhali a 1960 Harold Macmillan ke mulki. Za su ce shi kaɗai ya kayar da Hitila, su manta Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum kusan miliyan 27, su manta da makamai da sojojin Amurka. Kuma za su yi mamakin yadda mutanensa suka kayar da shi a zaɓen Yuli 1945, wata biyu bayan Jamus ta miƙa wuya. Bayyana musu cewa masu zaɓe na neman gidaje da aiki da asibiti kyauta, jam'iyyar Leba ta Attlee ce ta yi musu wannan alƙawari.

Mafi wahalar magancewa su ne maganganun hikima da ake liƙa wa hotonsa a intanet, da yawansu bai taɓa faɗa ba. Dokar aji ita ce duk maganar da aka jingina masa sai an kawo rana da wurin da ya faɗe ta, in babu a cire.

Rubutun ƙarshe ya zama kalma 300 zuwa 400, maki 20: shida na daidaiton shekaru da sunaye, shida na rarrabe gidaje ukun alhaki, biyar na amfani da hirar da ɗalibi ya yi, uku na tsabtar rubutu. Kada ka ba da maki ko ka rage saboda ɓangaren da ɗalibi ya ɗauka. Muryoyin da aka ɗauka kuwa ka tattara su a kwamfutar makaranta da sunan gari da ranar hira, ka ajiye kwafi na biyu a filashi, ka kuma tambayi kowane iyali ko sun yarda ajin baɗi ya saurara.